Musayar waƙa: Garau, dodon da ke wanke tafki

Mai Zane:
Salam 'yan uwa, jiya na gama zanen wani dodo da na ƙirƙira don labarin da nake rubutawa, sunansa Garau, kamar kada yake amma da dogon farin gemu da shuɗin ido, in ya ratsa tafki mai laka sai ruwan ya washe tas. Ni dai bana so a ce kawai tsafi ne, so nake ikon nasa ya tsaya kan ilimi, to ga baitina, masana ku amsa min da waƙa dan Allah.

Garau dodona mai gemu,
Ya faɗa tafkin da ya damu,
Kan ka ce me haske ya samu,
Ta yaya hakan ke faruwa?

Ɗan Lab:
Yaya Mai Zane wannan ai aikinmu ne na kullum, bismillah.

Lakar da ke yawo ba ta kwanta ba,
Cajin lantarki iri ɗaya gare ta, ba ta haɗe ba,
Kowace na ture 'yar uwarta, ba ta yarda ba,
Shi ya sa kwana da kwanaki ba ta nutsewa.

Ka ba shi yawu mai aikin alam,
Ya karya cajin su manne wa juna ƙam,
Su yi curi su yi nauyi, sama ya washe kam,
Gemun kuma ya zama yashi mai tacewa.

Uwar Biyu:
Ƙanena ka yi ƙoƙari amma ni hankalina bai kwanta ba wlh, bara ɗana kwana uku ya yi ana masa ƙarin ruwa idonsa duk ya zurma leɓensa ya bushe, kuma ruwan da ya sha ni na zuba masa da hannuna, fari tas har ana ganin gindin kofi.

Farin ruwa ba shi ne lafiya ba,
Ƙwayar kwalara ido bai taɓa hango ta ba,
A Landan 1854 ba su gane ba,
Sai da likita John Snow ya bi sawun masu mutuwa.

Gida-gida ya bi yana ƙirga,
Famfon titin Broad shi ya zarga,
Aka cire hannun famfon aka daina zirga-zirga,
To Garau naka ina maganin ƙwaya mai cutarwa?

Malam Injiniya:
Hajiya gaskiyarki, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Makami biyu zan ba shi: kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, da UV, wani haske da ido ba ya gani.

Numfashinsa ya zama kulorin ɗan kaɗan,
Minti 30 ake jira, ba a sha nan da nan,
Birnin Jersey na Amurka a 1908 ya yi hakan,
Taifod ya ja da baya yana ta raguwa.

Akwai wata ƙwaya mai sulke, Kiripto sunanta,
Kulorin ba ya iya huda ɓawonta,
Birnin Milwoki na Amurka a 1993 ya ɗanɗana ɗacinta,
Mutum wajen dubu 400 suka kamu da gudawa.

Ka ba idonsa hasken UV mai ƙarfi,
Ya lalata mata DNA, tushen halittarta, har can cikin zurfi,
Amma sai an tace, laka takan zame musu murfi,
Ƙwaya ta laɓe bayanta ta tsira da rayuwa.

Kuma ka lura da jerin fa, yawu da gemu su fara, sannan ido, numfashi ya zo a ƙarshe, don haske da ya wuce shi ke nan ya wuce amma kulorin yana ɗan saura cikin ruwan yana gadi ko bayan dodon ya yi gaba.

Ɗan Lab:
Malam saura ɗaya, wanda ya riga ya narke.

Abin da ya narke tafasa ba ta fidda shi,
Asenik ba launi ba wari gare shi,
A rijiyoyin Bangladesh miliyoyi sun sha shi,
Ruwa garau, guba a jiki tana taruwa.

Fatar cikinsa ta zama rariya mai matsi,
Ruwa ya wuce, gishiri ya maƙale a ƙunci,
Na teku giram 35 a lita, sai an yi naci,
Ninkin matsin iska wajen 60 ke sa shi ratsawa.

Baba Tsoho:
'Ya'yana duk na karanta, Allah ya yi albarka. Tambayata ɗaya ce.

Dattin da ya kwashe ina ya kai shi?
Ba ya ɓacewa, wuri kawai aka sauya mishi,
Matatar ruwa ma taɓo take tarawa a kwashe shi,
Garau a jikinsa zai riƙa ɗaukewa.

Mai Zane:
Baba wallahi ka taɓa min zuciya, ni duk tunanina yana kan masu shan ruwan ban taɓa tuna shi kansa dodon ba, yau ɗin nan zan sake zanen daga farko.

Bayan kowane tafki ɓawonsa na ƙara kauri,
Farin gemun ya yi baƙi ya yi tauri,
Ya ja jiki ya hau tudu, ba ya iya sauri,
Can nesa da rafi saɓarsa yake zubarwa.

Malam Injiniya, a wace irin ƙasa zai zubar don kar gubar ta sake tsiyaya ta koma rijiyar mutane?

Malam Injiniya:
Ya nemi kogo mai daɓen yumɓu,
Kauri sosai, ba tsaga ko guda babu,
Ruwan sama ya zo ya iske hanya babu,
Can zai kwanta har sabon ɓawo ya gama fitowa.