Muhawara: Shin gajarta da sauya labari sun rage wa Spider-Man 2 daraja?

Nura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wata magana da nake so mu tattauna, amma wanda bai buga wasan bidiyo na Marvel's Spider-Man 2 ba tukuna ya sani cewa za mu taɓo ƙarshen labarin. A ganina, wasan da kamfanin Insomniac ya fitar ranar 20 ga Oktoba 2023 bai kama ƙafar na farko, na 2018, ba, kuma abu biyu ne suka ja masa. Na farko gajarta: mutum yana iya gama babban labarin cikin sa'o'i 15 zuwa 20, ya kuma share duk ayyukan gefe bai wuce 30 ba, alhali dala 70 aka sa masa, kuma a lokacin sai mai PlayStation 5 kaɗai ke iya taɓa shi. Na biyu, an ɗauki Venom, mugun da ke samuwa idan wani baƙin abu mai rai ya haɗe da jikin mutum, wanda masu bin littattafan zane suka san shi da ɗan jarida Eddie Brock tun 1988, aka mayar da shi Harry Osborn, aminin Peter Parker, wato Spider-Man. Kashi na biyu na kowane wasa alkawari ne ga waɗanda suka so na farko, kuma ni ban ga an cika wannan alkawarin ba.

Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam Nura, ban yarda da maganar gajarta ba, domin idan babban labari muke aunawa, na 2018 ma tsawonsa bai yi nisa da wannan ba. Abin da aka rage shi ne cikon da ke kewaye da labarin. Ka tuna jakunkuna 55 da Peter ya liƙe a bangon gine-ginen New York, da hasumiyoyin da sai ka kunna su kafin taswira ta buɗe, da bin tantabaru a sararin sama, da laifuffukan titi da ake maimaitawa unguwa bayan unguwa. Waɗannan su ne suka kumbura wasan farko, kuma mutane da yawa sun koka da su a wancan lokacin. Sannan akwai lokacin da na'urar da kanta ta cinye: a PlayStation 4 idan ka zaɓi tafiyar gaggawa sai ka zauna kana kallon Peter a jirgin ƙasa har wasan ya gama lodi, a wannan kuwa kana danna wuri a taswira ka tsinci kanka a can, ga kuma fukafukan saƙar gizo da ke ratsa kogi da kai zuwa Brooklyn ko Queens cikin ɗan lokaci. Garin ya kusa ninka na da, amma jira ya ragu. Ba na ganin adalci ne a hukunta wasa saboda ya daina ɓata wa mai shi lokaci.

Aliyu: Ni kan Harry zan tsaya. Yaya Nura, wannan ba sauyi ba ne da aka farka da shi rana tsaka. A wasan farko an yi ta ce mana Harry yana Turai, daga baya muka gane ƙarya ce, yana fama da cutar da ta kashe mahaifiyarsa. Kuma bayan an gama rubutun sunayen ma'aikata, an nuna Norman Osborn tsaye gaban wani tankin gilashi, ɗansa yana ciki, wani baƙin abu mai rai yana miƙo hannu ya taɓa gilashin. Duk wanda ya ga wannan ya san inda aka dosa. Da an kawo Eddie Brock, sai an fara gabatar da shi daga tushe, a gina masa dalilin ƙin Peter, kuma wannan zai ci sa'o'in da kai da kanka kake cewa sun yi kaɗan. Harry kuwa abokin ƙuruciya ne, shi ya kafa cibiyar bincike da sunan mahaifiyarsa da Anti May, wadda ta reni Peter, ya jawo Peter ciki bayan an kore shi daga koyarwa. Baƙar rigar, wato baƙin abun nan da ya lulluɓe jikin Harry, ita ke riƙe da ransa, sai ta bar shi ta koma jikin amininsa, aminin kuma ya ƙi cire ta. Ina ganin wannan ya fi labarin ɗan jaridar da ke jin haushin abokin aikinsa ciwo a zuciya.

Malam Sani: Na karanta duka, kuma ina ganin ku ukun kuna kewaya abu ɗaya ba ku sa masa hannu ba. Tambayar ba ita ce sa'o'i nawa ba, ita ce a ina aka kashe su. Hadiza ta yi gaskiya cewa an zubar da ciko, Aliyu ma ya yi gaskiya cewa Harry zaɓi ne mai kyau, amma abin da Nura yake ji a ransa shi ma gaskiya ne, suna kawai ya ba shi wanda ba nasa ba.

Ku duba yadda aka raba wasan. Mafi yawansa na Kraven ne, mafaraucin da ya shigo gari da rundunarsa yana neman wanda zai kashe shi a fagen fama kafin cutar daji ta kashe shi a kan gado. Wannan tunani ne mai ƙarfi, amma ta yaya aka nuna mana haɗarinsa? Scorpion kaɗai muka ga ya kashe da idonmu. Vulture da Electro da Shocker, waɗanda muka sha wuya da su a wasan farko, labarin mutuwarsu a cikin sansanonin mafarauta ake tsintarsa, ta kayansu da aka ajiye da muryar da aka naɗa, wanda bai tsaya ya saurara ba ma zai iya gama wasan bai san sun mutu ba. Sai Venom ya fito a kusan kashi na ƙarshe. An ba mu shi mu sarrafa sau ɗaya tak: ya fasa ginin Oscorp, kamfanin Norman, yana ɗaga masu gadi da hannu ɗaya yana maka su da bango, ya fita Times Square ya gama da Kraven. Wannan wuri ya yi kyau ƙwarai, kuma daidai nan ne mai wasa yake gyara zama yana cewa yanzu aka fara. Daga nan kuwa sai komai ya kama gudu: baƙin abu ya mamaye gari, Mary Jane, budurwar Peter, ta rikiɗa ta zama dodo ta dawo hayyacinta cikin faɗa ɗaya, Harry ya tashi daga mara lafiya mai neman rigarsa zuwa mai son sauya duniya baki ɗaya, ba tare da an bar mu mun zauna da shi a tsakani ba. Abin ya yi kama da telan da ya zuba aiki a gaban riga, da ya zo hannuwa yadi ya ƙare.

Ku gwada da Otto Octavius a 2018, masanin kimiyyar da Peter ke yi wa aiki, wanda daga baya ya zama babban mugun wasan. Tun daga farkon wasan kana shiga ɗakin bincikensa, kana gyara masa na'urori, kana ganin hannunsa na rawa, kana jin yadda Norman ya janye masa tallafi. Saboda haka lokacin da Peter ya tsaya a kansa a ƙarshe, ya kuma zaɓi a ceci gari da maganin da zai iya ceton Anti May, nauyin duk waɗannan sa'o'in ne ya faɗo maka. Sauya labari yana buƙatar fili fiye da maimaita wanda aka sani, domin dole ka shawo kan mai wasa daga farko. A nan ne gajarta da sauyi suka haɗu suka yi wa wasan illa, ko da yake kowane ɗayansu shi kaɗai ba laifi ba ne.

Hadiza: Malam, na ji wannan, sai dai a tuna da tsada. Takardun da aka sace daga kamfanin a Disamba 2023 sun nuna cewa wasan ya ci kusan dala miliyan 300. A irin wannan aiki, ƙarin sa'a ɗaya ta labari tana nufin 'yan wasa sanye da na'urar ɗaukar motsi, da masu zane, da watanni na gyara. Kuma kasuwa ba ta nuna an cutu ba: kwafi miliyan 2.5 a cikin sa'o'i 24 na farko, ya kuma wuce miliyan 10 zuwa Fabrairu 2024.

Malam Sani: Cinikin ranar farko, 'yata, shaida ce ga wasan da ya gabata, domin waɗanda suka saya a ranar ba su ga ƙarshen wannan ba tukuna. Kuma tsadar da kika kawo hujjata take ƙarfafawa. Idan kowace sa'a tana da wannan farashi, to wajibi ne a rage yawan abin da aka ɗauko. Jarumai biyu, manyan mugaye biyu, ga Lizard, ga Sandman, ga Martin Li, duk a tukunya ɗaya. Miles Morales, matashin Spider-Man na biyu, shi ne ya fi cutuwa. Li shi ne sanadin mutuwar mahaifinsa a harin da aka kai wurin taron karramawa a wasan farko, kuma yadda yaron ya ƙi ɗaukar fansa ba tare da ya ce ya yafe ba yana daga cikin mafi kyawun abin da aka rubuta a wasan, amma sai aka riƙa ajiye shi gefe duk lokacin da labarin Peter ya ɗau zafi. Wasan Miles Morales na 2020 ya fi wannan gajarta nesa ba kusa ba, ana gama shi cikin sa'o'i bakwai ko takwas, amma ba ka tashi kana jin an yanke maka wani abu, saboda labari ɗaya ya ɗauka, na Miles da ƙawarsa Phin, ya kai shi har ƙarshe.

Aliyu: Wannan na amince da shi, amma ina roƙon kada a jefa laifin a kan zaɓin Harry. Faɗan ƙarshe, inda Peter yake dukan amininsa yana kiran sunansa, da yadda Miles ya farfaɗo da zuciyar Harry da wutar jikinsa, ya taɓa ni sosai. Da an ba shi ko da ayyuka uku ne kafin nan, inda za mu ga Harry yana kokawa da muryar da ke cikin kansa, da yau ba ma wannan muhawara.

Nura: Malam Sani ya faɗi abin da ya fi nawa tsari, amma maganar kuɗi tana nan ban janye ta ba. Wasan Miles da aka kawo misali dala 50 aka sayar da shi, kamfanin bai ɓoye cewa ƙarami ba ne. Na 2018 kuma an bi shi da ƙarin labari kashi uku a cikin shekarar. Wannan fa? An buɗe labarin ƙungiyar masu bautar wuta, tsohuwar 'yar sanda Yuri Watanabe tana farautar shugabansu, aka nuna ya tsere da wani baƙin abun a hannunsa, kowa ya ɗauka ci gaba na tafe. Damar sake buga wasan da ƙarfin da ka tara ma sai Maris 2024 ta zo, daga baya kuma kamfanin ya bayyana cewa babu wani ƙarin labari da yake shiryawa. Ga wanda yake canza naira zuwa dala kafin ya sayi faifai, ko yake jiran wani ya gama ya sayar masa na hannu, tsawon wasa ba ƙaramin abu ba ne, domin wataƙila shi ne kaɗai sabon da zai saya a shekarar. An rufe wannan da Norman yana ziyartar Otto a kurkuku yana neman sanin ko su wane ne Spider-Man, wato an sake ɗaukar mana wani alkawarin. Idan na uku ya fito, ba zan saya a makon farko ba. Zan jira in ji daga bakin waɗanda suka kai ƙarshensa ko an ba Norman filin da aka hana ɗansa.