Ina son shiga soja amma Depot na ba ni tsoro

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Shekaruna 19, na gama sakandare, ina son cike fam ɗin soja idan an buɗe. Sai dai labarin wahalar Depot, inda ake horas da sababbin sojoji, na sa gabana faɗuwa, ga Hajiya kullum cewa take Borno za a kai ni. Masu sani, ta ina zan fara?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, da yawa tun a wurin tantancewa ake sallamar su, ko ƙofar Depot ba su gani ba. Don haka fara da takardu. Mai shiga ba da sana'a ba, shekara 18 zuwa 22 ake nema, tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68, da sakamakon WAEC ko NECO har da Turanci, a zama ɗaya ko biyu. Duba sunanka da ranar haihuwarka a NIN da BVN da takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma. Idan nan Muhammad ne can Mohammed, je ka gyara tun yanzu, gyaran yana cin lokaci. Fam ɗin kyauta ne a intanet. Duk wanda ya ce kawo kuɗi ya sama maka gurbi, ɗan damfara ne.

Malam Basawa: Horon kurata wajen wata shida ne, kuma gudu da rashin isasshen barci ne ke karya mutane. Ka ba jikinka wata uku: bayan sallar asuba, kilomita 2 sau uku a mako, kana ƙarawa sannu har 5. Kada ka fara da sauri, ƙashin ƙauri ne zai kama ciwo ka kwanta. Sa safa mai kauri, busasshiya, don jiƙaƙƙiyar safa ce ke kawo bororo. Ka je asibiti a auna maka jini, ciwon hanta, hawan jini da ido. Masu shan ƙwaya don ƙarin ƙarfi kuwa, gwaji na iya tona su.

Yaya Sani: Maganar Hajiya ba wasa ba ce, ana iya tura ka Borno ko Zamfara, kuma kurtu ba ya zaɓar inda zai je. Ka zauna da ita tare da wani tsohon soja da take ganin girmansa. Idan kuma hafsa kake son zama, hanyar daban ce: NDA, makarantar horas da hafsoshi a Kaduna, ta JAMB.