Kolla-Ansible na tsayawa wajen jiran adireshin VIP, ina mafita?

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina fama da girka OpenStack (manhajar gina cloud) ta Kolla-Ansible (kayan aikin da ke girka ta) a kan sabar guda biyar masu Ubuntu 22.04, uku na sarrafawa, biyu na ɗaukar aiki. Matakin prechecks yana wucewa lafiya ƙalau, amma da an shiga deploy sai ya maƙale wajen jiran VIP (virtual IP, adireshin IP ɗaya da sabar sarrafawa ke amfani da shi tare) har lokaci ya ƙare.

Na tabbatar babu na'urar da ke riƙe da adireshin. Na canza keepalived_virtual_router_id (lambar shaida ta keepalived, manhajar da ke kula da VIP) daga 51, na kashe ufw (firewall na Ubuntu), na sake duba network_interface a globals.yml. Duk da haka, keepalived na nuna FAULT a sabar ukun, babu wadda ta zama MASTER, wato mai riƙe da VIP.

Me ke jefa keepalived cikin FAULT alhali katin sadarwar yana aiki?