Musayar Waƙa a Kan Niyuton na Ingila

Malam Sani:
Yau Aizik Niyuton, masanin kimiyya, za mu waƙe, amsa-amo "wa". Bismillah.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
In waƙe Niyuton, gwani, malami,
A 1642 ya zo, ɗan ƙarami,
Ubansa ya rasu kafin haihuwa.

Uwa ta yi aure, ta bar shi gun kaka,
Daga baya ta so shi da noma da shuka,
Shi ko littafi kullum ya ɗauka,
Tumaki na ɓarna, bai ko kulawa.

Hajiya Binta:
Malam, bar mini zancen annoba,
1665, wa bai ji ta ba?
Jami'arsa Kembirij ta rufe, ba a yi karatu ba,
Ya koma Wulstof, ƙauyensu, zaunawa.

Ya toshe taga, haske ya rage shi,
Zare guda na rana ya bar shi,
Ya ratsa ta kusurwa uku ta gilashi,
Launi bakwai na bakan gizo na fitowa.

Ɗan Audu:
Hajiya, sannu, amma kin manta tuffa!

Tuffa ta faɗo, wani sai ya cinye ta,
Shi ko ya tambaya, me ya jawo ta?
Ƙarfin da ya ja ta, ƙasa ya kai ta,
Shi ke riƙe wata, ba ya kuɓucewa.

Dokoki uku na motsi ya tsara,
Abokinsa Hali ya hana shi jira,
1687 ita ce shekara,
Littafin, Hali ya biya kuɗin bugawa.

Malam Garba:
'Yan'uwa, ku faɗi har da halinsa,
Laibiniz na Jamus ya sha fushinsa,
Kan wa ya fara lissafin kalkulas ya naɗa kwamitinsa,
Ya rubuta hukuncin da kansa, ba sanarwa.

Wallahi wannan yana damuna.

Hajiya Binta:
Gaskiyarka, Malam, ba na musawa.

Ku tuna Ibnul Haisam, ɗan Basra,
Da ya zauna ya yi nazari a Alƙahira,
Ilimin haske da gani ya tattara,
Ƙarni shida kafin Niyuton isowa.

Malam Sani:
Madalla. Ga nawa na ƙarshe:

1696 gidan buga kuɗi ya kama,
'Yan jabu suka rasa wajen zama,
Sarauniya An ta ba shi girma,
1727 a cocin Westminsta aka yi binnewa.