Agogo na komawa baya, sauti shiru: abin da na tsinta a fada

Ƙanena ya sayi kwamfutar tebur ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita, sai ga matsala biyu: duk sanda aka kunna ta agogo ya koma baya, sauti kuma shiru. Na kai maganar fadarmu ta hira a unguwar Birni ana shan shayi.

Kan agogo bakin kowa ɗaya: ƙaramin batirin cikinta ne ya mutu, mai kama da kwabo, CR2032. Shi ke riƙe lokaci in babu wuta, mu kuwa a Damagaram ɗaukewar wuta ba baƙuwa ba ce. A zare waya daga bango, a sake batirin, a shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar na asali, da danna maɓallin F2 ko Del lokacin kunnawa, a gyara kwanan wata, sannan a sa lokacin Nijar, UTC+1. Wani dattijo mai gyara ya ƙara da cewa in agogo ya kauce sosai, har shafukan intanet ƙin buɗewa suke yi.

Sauti ne aka sha gardama. Wasu suka ce direba, wato manhajar da ke sa sauti aiki, ce ta ɓace bayan sake Windows, a sauko da ita. Ni dai na fi yarda da wanda ya ce a fara duba ko sifika tana koren rami na baya, a busa ƙurar hunturu, a gwada da abin kunne.