Na yi burga har kati na ƙarshe, dattijon ya ƙi zubarwa: ina kuskurena?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tun daren Asabar wani hannun karta da na buga yake cin raina, shi ya sa na kawo shi nan, ko waɗanda suka riga ni zama a teburin poka za su haska mini.

Ina Landan, kuma shekarata ta biyu ke nan ina buga Hold'em, wato pokar da ake ba kowa kati biyu a buɗe biyar a tebur, irin na zube, wanda za ka zauna da kuɗinka ka tashi lokacin da ka ga dama, ba na gasa ba. Teburin fam 1 da fam 2 nake zama, wato kuɗin dole da mutum biyu suke sawa kafin a raba karta. A daren ina da kamar fam 300 a gabana. A damana akwai wani dattijo Bature da hular sanyi, shayinsa ya huce tun tuni bai sha ba, sai jera cif ɗinsa, ƙwayoyin da ke madadin kuɗi a tebur, yake yi biyar-biyar yana sake rushewa. Awa biyu muna zaune ban ga ya ɗaga kuɗi ko sau ɗaya ba. Kullum sai dai ya bi, wato ya sa daidai abin da wani ya sa.

Ya shigo da fam 2. Ni ne na ƙarshen magana, a hannuna A da 5, duka masu zuciya. Na ɗaga zuwa 10, sauran suka zubar, shi ya bi. Kuɗin tsakiya ya zama 23. Ukun farko suka fito: Sarki baƙi, 8 mai zuciya, 3 mai zuciya. Ya ƙwanƙwasa tebur, alamar ya wuce bai sa kuɗi ba, na sa 15, ya bi. Kati na huɗu 2 baƙi. Yanzu ko zuciya ta zo in haɗa zuciya biyar, ko 4 ta zo in haɗa jerin A zuwa 5. Na sa 40 a kan 53, ya bi ba tare da ya ɗago kai ba. Na ƙarshe J baƙi, ban samu komai ba. Tsakiya 133. Ya sake ƙwanƙwasawa, na tura fam 100 na burga, don ya ɗauka ina da karta mai ƙarfi ya zubar.

Wallahi ko minti ɗaya bai yi ba. Ya leƙa kartarsa, ya tura kuɗin, ya buɗe Sarki da 9. Tagwayen sarki kawai, da 9 a gefe.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk abin da na yi, haka mai A da Sarki zai yi, haka mai 8 biyu zai yi. Labarina bai da ɓaraka ko ɗaya. Na sha kallon yadda Chris Moneymaker ya tura duka kuɗinsa da Sarki da 7 a ƙarshen gasar poka ta duniya ta 2003, Sammy Farha ya zubar da tagwayen 9 alhali shi ke gaba. To ni me na rasa? Kuɗin ne ya yi kaɗan, da na tura duka? Ko jikina ne ya tona ni? Don na san hannuna ya ɗan yi rawa lokacin da nake ƙirga cif ɗin.

Baffa na Houston ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba jikinka ba ne. Mutumin da ka ce bai ɗago kai ba, ina ya ga rawar hannunka? Kai da bakinka ka ba da amsar tun a farko: awa biyu bai ɗaga ba, kullum sai dai ya bi. Irin wannan ba ya tambayar kansa me ka riƙe. Kartarsa kawai yake kallo, ya ga sarki a hannu, ya ga sarki a tebur, magana ta ƙare. Ka tsara labari mai kyau, amma kurma ka ba.

Bari mu yi lissafi, don burga lissafi ce kafin ta zama ƙarfin hali. Ka sa 100 don ka ɗauki 133. Raba 100 da 233, ka samu kusan kashi 43 cikin 100. Wato sai ya zubar fiye da sau 43 a cikin 100 kafin burgar ta mayar da kuɗinta. Yanzu zauna ka lissafa abin da mutum irinsa zai bi 15 da shi, ya bi 40, sannan ya zubar a ƙarshe. Mai neman zuciya da bai samu ba, sai wataƙila mai 8. Duk wani sarki da ke hannunsa, daga Sarki da Sarauniya har Sarki da 4, biyanka zai yi. Su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Kuɗin da ka sa a ukun farko ban ga laifinsa ba. Na kati na huɗu ma yana da hujja, domin kana da zuciya 9 da suka rage, da 4 guda uku waɗanda ba zuciya ba, kati 12 ke nan cikin 46, kusan kashi 26. In ka haɗa da A ukun da suka rage, ka kusa kashi 33. Wannan burga ce mai ƙofar baya, ko an bi ka kana iya haɗawa. Amma ni a kan wannan dattijon da na ƙwanƙwasa na ga na ƙarshe kyauta, tunda in zuciyar ta zo ai zai biya ni. Fam 100 na ƙarshen nan ne babu ƙofa ko ɗaya a bayansa.

Zancen Moneymaker kuma, ka duba da wa ya yi. Farha gwani ne da ya san ciwon kuɗi, ya san abin da tura duka yake nufi, ga su biyu kaɗai suka rage a gidan cacar Binion's Horseshoe na Las Vegas, ana neman dala miliyan 2.5. Gwani ake yi wa burga, don shi ne yake iya ajiye karta mai kyau. A ƙaramin tebur na ido da ido, da ƙyar ake raba hannu 30 a awa ɗaya. Mutum ya taso daga gida cikin sanyi, ya jira rabin awa kafin ya ga sarki, kana ganin zai yar don ka tura ɗari? Shekarun da na yi a teburan nan, abincina daga irin dattijon nan yake fitowa, amma ta ɗaya ɓangaren. Ranar da ka riƙe Sarki da Sarauniya, sa 15, sa 40, sa 100, kada ka ji nauyinsa. Ranar kuma da irinsa ya ɗaga maka kuɗi mai yawa a kati na ƙarshe, ajiye kartarka ko da tana da kyau, don ba ya yin haka da hannu wofi.

Injiniya Kano-Leeds ya amsa:

Ƙari kaɗan a kan maganar Baffa. Ko da da wanda yake tunani kake buga, A da 5 masu zuciya ba su dace da burgar ƙarshe a nan ba. Wa kake so ya kasance a gabanka? Wanda ya nemi zuciya bai samu ba, don shi ne zai zubar. To zuciya 13 ce a karta, biyu na tebur, biyu na hannunka, ciki har da A wadda aka fi bi da ita. Ka rage masa hannayen da za su zubar, ka bar sarakunansa yadda suke. Sannan A ɗinka ta riga ta fi kowane mai neman zuciya da ya faɗi bai haɗa ko tagwaye ba. Da ka ƙwanƙwasa kawai, da ka cinye waɗannan ba tare da ka sa ko fam ɗaya ba.

Malam Abu Safiyya ya amsa:

Ɗan'uwa, ka yi haƙuri zan kauce daga tambayarka. Na karanta duka, kuma na ga kai mai natsuwa ne. Wannan abu caca ne, ko da lissafi a ciki, kuma ka san abin da aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta ce game da giya da caca. Ba fam 165 ɗin ne ya dame ni ba. Cewar da ka yi tun Asabar abin yana cin ranka, shi ya tsaya mini. Kana ƙasar mutane, iyaye na can suna maka addu'a. Allah ya ba mu ikon barin abin da ba ya so, ni da kai baki ɗaya.

Ɗan Gwammaja ya amsa:

Baffa, Allah ya saka da alheri. Na ɗauki biro na jera hannayen da zai iya riƙewa kamar yadda ka ce, waɗanda za su zubar ko kusa da 43 ba su kai ba. Injiniya, maganar A ɗin nan ban taɓa kawo ta a raina ba, wato da na yi shiru ma akwai hannayen da nake ci.

Malam, amin, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan. Akwai abin da ban faɗa ba a sama. Bayan hannun nan ban tashi ba. Na je na ciro wasu fam 200, na dawo kujerata, ina jiran dattijon ya shiga hannu don in rama, har na riƙa shiga da kartar da ban saba shiga da ita ba. Shi kuwa wajen ƙarfe ɗaya ya zuba cif ɗinsa a tire, ya yi wa mai rabawa sallama ya tafi. Ni sai ƙarfe huɗu na fito, na tsaya a tashar bas cikin yayyafi da fam 35 a aljihu. Kuɗin haya na ware su daban, ban taɓa su ba, amma na buɗe asusun a waya na kalle su har sau biyu kafin bas ta iso.