Fita da ƙananan yara daga Makka zuwa Ɗa'if a farkon zafi

Maman Hanan, Makka

Assalamu alaikum. Zafi ya kankama, yara sun gaji da zaman ɗaki a gaban esi, sai rigima da kallon waya. Maigida ya ce ranar Asabar mu hau Ɗa'if su ɗan taka ƙasa su sha iska. Su uku ne: babbar shekararta 5, mai bi mata 3, sai jaririya 'yar wata 5 da nake goyo. Don Allah waɗanda suka san wajen ku ba mu shawara. Ƙarfe nawa ya kamata mu tashi, wace hanya ta fi, a ina za mu sauka, kuma wane nisa ɗan shekara 3 zai iya takawa kafin a koma saɓa shi a wuya?

Abu Sadiƙ, Ɗa'if

Wa alaikumus salam, Maman Hanan. Kada sunan Ɗa'if ya ruɗe ku. A watan Yuni Makka takan kai digiri 43 da rana, cikin garin Ɗa'if kuma 35 ko 36. Sauƙi ne, amma ba a kira shi sanyi ba. Duk mita 1000 da aka hau ana samun ragin kamar digiri 6, shi ya sa Hada da Shafa, wuraren kan dutse na kusa da Ɗa'if da suke wajen mita 2000 zuwa sama, suka fi cikin gari daɗi. Sai dai can bisa iska ce kawai take da sanyi, ranar ta fi ta ƙasa ƙuna. Yaro zai yi ta guje-guje bai ce uffan ba saboda iskar tana kaɗa shi, sai an dawo gida ya kama kukan wuyansa yana masa raɗaɗi, bayan kwana biyu fatar ta fara saɓewa. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Saboda haka lokacin fita ya fi zaɓen wuri muhimmanci. Ku shirya kaya tun dare, kuna idar da sallar asuba ku ɗau hanya, yara su ƙarasa barcinsu a mota. Rana tana fitowa wajen 5:40, ku kuma kafin ƙarfe 7 kun isa Shafa. Tafiyar ƙafa daga 7 zuwa 9:30. Ƙarfe 10 ta same ku zaune a inuwa. Hukuma ma ta hana sa ma'aikata aiki a rana daga 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, kuma waɗannan ƙarti ne da suka saba. Ɗan shekara 3 kuwa, daga 10 na safe har a yi la'asar ba shi da abin yi a rana.

Maganar nisa: ɗan shekara 3 kilomita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, zuwa da dawowa, ba zuwa kaɗai ba. Kuma zai cinye muku kusan awa guda, domin kowane dutse da kowace tururuwa sai ya tsuguna ya duba. 'Yar shekara 5 za ta iya biyu zuwa uku, amma da ƙaramin ake auna tafiya. Ku fara da hawa tun suna da ƙarfi, dawowar ta zama gangara. Ku juya tun yana dariya, domin in kuka jira ya ce ya gaji, to rabin hanyar a wuyan babansa zai yi ta.

Wuri: Shafa tana da itatuwan ar'ar masu inuwa, ga wajen Wadi Zi Gazal. Ku nemi fili shimfiɗaɗɗe kusa da inda kuka ajiye mota, nesa da bakin dutse. Wuraren da mutane ke tsayawa ɗaukar hoto ba duka ke da shinge ba, ƙasar bakinsu kuma tsakuwa ce mai zamewa. Kada ku shimfiɗa darduma a cikin kwari ko da yashin ya bushe ƙayau. Ruwa yakan sauka a kan dutse can nesa, inda kuke ko ɗigo babu, sai dai ku ga ambaliya ta iso. In kuka ga hadari ya haɗu ko kuka ji tsawa, ku naɗe kaya ku nisanci kwari. Furen wardi kuma kada a yi wa yara alƙawarinsa, tsinkarsa a Maris da Afrilu ake yi, yanzu ya wuce.

Hajiya Ummu Abdallah, Jidda

'Yar uwa, ni jaririyar ce ta fi tsaya mini a rai. 'Yar wata 5 ba a ba ta ruwa, ko zamzam ne, sai ta cika wata 6. Nono ya ishe ta, sai dai a ƙara yawan ba ta, duk awa ɗaya zuwa biyu ko ba ta nema ba. Ke ce za ki sha ruwan a madadinta. Man kare fata daga rana ma ba a so a shafa wa wanda bai kai wata 6 ba, inuwa da hula da riga mai dogon hannu ta auduga su ne kariyarta. Manyan biyu a shafa musu minti 20 kafin su fito daga mota, a sake bayan awa 2, kada a manta da bayan wuya da saman kunne.

Goyo da zani ya fi keken yara a kan duwatsu, wannan ba musu. Amma tsakanin bayanki da ƙirjinta zafi yana taruwa sosai. Zani ɗaya mara kauri, ban da majanyi mai nauyi, kuma kada ki yafa abaya ko mayafi ya rufe mata kai. Duk minti 20 zuwa 30 ki sauke ta ki taɓa bayan wuyanta. In kin ji ya yi zafi ko ya jiƙe sharkaf, a zauna. Haka in a keke take, kada a lulluɓe shi da zani wai don inuwa, iskar ciki ta daina fita ke nan.

Ruwa: babba lita 3, manyan yaran biyu kowanne lita ɗaya da rabi, da jarka mai lita 10 a but don alwala da wanke hannu da tsarki. Rabin robobin a sa su a firiza tun dare, a cika su kashi uku cikin huɗu kawai don ƙanƙara tana kumbura. Su ne za su sanyaya kula, in sun narke a sha. Yaro ba ya cewa yana jin ƙishirwa in wasa ya yi daɗi, sai a riƙa kiransa duk kwata awa ya yi kurɓa uku ko huɗu.

Yadda za ki gane ruwan jiki ya yi ƙasa: famfas ya yi awa 6 a bushe, fitsari ya yi duhu yana wari, kuka babu hawaye, leɓe ya bushe, maɗigar jaririya ta faɗa. Ki sayi ƙunshin gishiri da sukari a kantin magani ki sa a jaka. In babu, ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Wannan na manyan biyu ne. Jaririya in ta ƙi kama nono ko ta yi laushi, asibiti kai tsaye. Haka yaron da jikinsa ya yi zafi rau, ya fara magana ba kan gado ko barci ya rinjaye shi: a kai shi inuwa, a tuɓe shi, a jiƙa shi da ruwa ana fifita, a kira lambar gaggawa 997 ko 911.

Abinci mara miya da mai: burodin tamis, dafaffen ƙwai, kokwamba, dabino, kankana da aka yanka a gida. Laban (kindirmo) da shinkafa da kaza in sun yi awa ɗaya a wajen kula cikin wannan yanayi, a haƙura da su.

Malam Baba Direba, Makka

Hajiya ta gama magana a kan yara, bari in ce wani abu a kan mota. Hanya biyu ce. Ta Hada ta fi kusa, amma hawa ce mai kwana a kan kwana, kuma akan rufe ta in an yi ruwa ko hazo. Ta Sail ta fi nisa amma hawanta a hankali yake, ga masallacin miƙati na Ƙarnul Manazil inda za a tsaya a kai yara bayan gida. Yaron da mota ke sa shi amai, ku bi da shi ta Sail. In ta Hada ce, kada a cika masa ciki da madara kafin tashi, kada a ba shi waya, ya riƙa kallon gaba, leda da kayan canji suna kusa da hannu. Toshewar kunne wajen hawa da sauka, jaririya a ba ta nono kafin a fara gangara, manyan su riƙa kurɓar ruwa.

A gaya wa maigida ya duba ruwan lagireto da iskar taya har da safaya tun injin yana da sanyi. Wajen hawa in allurar zafi ta wuce rabi, ya kashe esi ya sauke gilashi. In ta ci gaba ya faka, amma kada ya kuskura ya buɗe murfin lagireto da zafinsa. Wajen sauka ya sa ƙaramar giya, 2 ko L, injin ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya fara wari, ya taka ya ji shi kamar soso.

Sai birai. Gwaggon biri ne, garke-garke a bakin hanyar Hada, kuma mutane sun ɓata su da jefa musu abinci. Gilashi a rufe. Kada yaro ya fito riƙe da leda ko ayaba, fizga suke yi, babban namijin kuma haƙoransa ba na wasa ba ne. Cizo ko yakushi, a wanke da ruwa da sabulu minti 15 a wuce asibiti. Ku riƙe iƙama, wato katin izinin zama, ta kowa da kowa, akwai shingen bincike wajen dawowa Makka.

Yaya Bilki, Madina

Ni ban yarda dole sai asuba ba. Tada yara uku ƙarfe 4 aiki ne, kuma daga 10 zuwa la'asar ina za ku kai su? Sai an kama istiraha, wato gidan hutu na haya, kuɗi ke nan. A tashi bayan azahar, a yi la'asar a Ɗa'if, daga 4:30 zuwa magariba wajen ƙarfe 7 akwai awa biyu da rabi masu daɗi. Lambun Rudaf ya dace da wannan: ciyawa, hanyar da keke ke bi, bayan gida kusa. Aibinsa cunkoso, musamman Juma'a da Asabar in an yi hutun makaranta, da saukowa cikin dare. A tafi da rigar sanyi mara nauyi, Shafa bayan faɗuwar rana takan ba da mamaki. Takalmi kuma rufaffe da safa, ba silifa ba, kuma a hana su ɗaga duwatsu, nan kunama ke kwana. In an cire takalmi don salla a kakkaɓe shi kafin a mayar. Harbin kunama ga ƙaramin yaro ba a tsaga shi, ba a ɗaure shi, asibiti ake nufa ko da ya daina kuka.

Maman Hanan, Makka

Allah ya saka muku da alheri. Maigida yana tambaya ko zai iya ɗaukar gawayi ya gasa nama a can.

Abu Sadiƙ, Ɗa'if

Zai iya, amma da murhunsa mai ƙafa, kuma a inda aka keɓe don haka. Hura wuta a ƙasa ko karya reshen ar'ar akwai tara. Ya ajiye shi taku goma daga inda yara ke wasa, ta inda iska ke kai hayaƙin baya da darduma. In ya gama ya kashe garwashin da ruwa ya motsa shi, kada ya rufe da yashi. Wanda aka binne yana riƙe zafinsa awoyi, ɗan wani ya zo ya taka.